Ƙarin Kwabbai a Gasar Foka: Yaushe Za Ka Saya, Yaushe Za Ka Haƙura

Gasar foka, wato wasan caca na kati, iri biyu ce ta fuskar kuɗi. Akwai wadda in kwabban wasanka (waɗanda ake ba ka ka yi wasa da su a madadin kuɗi) suka ƙare sai ka tashi, babu dawowa, kamar babbar gasar World Series of Poker ta birnin Las Vegas mai kuɗin shiga dala 10,000. Akwai kuma wadda ake barin ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, galibi awa ɗaya ta farko ko matakai kaɗan na zubin dole (kwabban da ake tilasta wa 'yan wasa biyu su zuba kafin a raba kati, ƙarami da babba, masu ƙaruwa mataki-mataki), domin mai so ya ƙara sayen kwabbai. A irin ta biyun nan mutum yakan shiga da niyyar kashe dala 11 ya tashi ya kashe 80, kuma bai san inda lissafi ya kuɓuce masa ba.

Sayen kansa kashi uku ne, kowanne da hukuncinsa. Na farko shi ne sake saye: kana zaune a kujerarka, tarinka ya ƙare ko ya sauko zuwa adadin da aka fara da shi, sai ka biya a ba ka wani tarin. A gasa da yawa in ka ƙare ƙaf ana barinka ka sayi biyu a lokaci guda. Na biyu shi ne ƙarin hutu, wanda ake sayarwa sau ɗaya tak idan lokacin sake saye ya cika aka tafi hutu, kuma kowa na da damar saye komai yawan kwabbansa. Na uku shi ne sake shiga, inda sai an fitar da kai gaba ɗaya, ka koma ka biya cikakken kuɗin shiga har da kamashon gida, a ba ka sabuwar kujera a wani teburi. Kafin ka zauna, karanta takardar tsarin gasar ka tabbatar da wanne ake yi, da adadin kwabban da kowanne ke bayarwa, da ko ana cire kamasho a kansu. A wurare da yawa kamasho na kan kuɗin shiga na farko ne kaɗai, amma ba ko'ina ba.

Farashin kwabo da darajarsa

Duk shawarar ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: nawa ake sayar maka da kwabbai dubu, kuma nawa kwabbai dubu suka kai a cikin wannan gasar? Ana samun amsar ta biyu ne ta hanyar raba jimillar kuɗin kyauta da jimillar kwabban da ke cikin wasa.

Mu ɗauki misali. Kuɗin shiga dala 10 da kamasho dala 1, ana ba da kwabbai 1,500. Sake saye dala 10, kwabbai 1,500. Ƙarin hutu dala 10, kwabbai 3,000. A ce mutum 100 suka shiga, aka sake saye sau 150, mutum 80 suka karɓi ƙarin hutu. Kuɗin kyauta ya zama 1,000 da 1,500 da 800, wato dala 3,300. Kwabbai kuma 150,000 da 225,000 da 240,000, wato 615,000. In ka raba, kwabbai dubu sun kai dala 5.37.

Yanzu duba abin da kowane saye ke ba ka. Ƙarin hutu na ba ka kwabbai 3,000 masu darajar dala 16 da ɗoriya a kan dala 10. Sake saye kuwa na ba ka 1,500 masu darajar dala 8 da 'yan kai a kan dala 10 ɗin dai. Ashe a gasar da ƙarin hutunta ya ninka tarin farko, duk wanda ya sake saye yana tallafa wa masu karɓar ƙarin hutu ne da kusan dala 2 a kowane saye. Mutane ƙalilan ne ke lura da wannan, alhali shi ne ginshiƙin maganar. Ƙwarewarka a kan abokan teburi na iya cike wannan giɓin na dala 2, amma sai ka tabbata ƙwarewar tana nan, ba fata kake yi ba.

A intanet shafin gasar na nuna yawan masu shiga, da sake saye, da jimillar kyauta, don haka lissafin minti ɗaya ne. A zauren wasa kuwa allon agogon gasar kan nuna mafi yawan waɗannan alƙaluman.

Sake saye tun kafin a raba kati

Gasa da yawa na barin mutum ya ninka tarinsa tun daga hannun farko, tunda sharaɗin shi ne kada tarinka ya wuce na farawa. Amfanin wannan a bayyane yake: ba ka iya ci daga abokin karawa fiye da abin da ke gabanka. In mai 3,000 ya tura duka da hannu mai rauni kai kuma kana riƙe da Es biyu (Es shi ne kati mafi girma) amma 1,500 ne gabanka, rabin abin da ya kamata ka kwasa ka kwasa.

To amma ka fara duban teburin. In babu wanda ya ninka, ƙarin 1,500 ɗinka na zaune ne ba aiki. In mutum uku ko huɗu sun ninka, musamman masu tura kwabbai barkatai, sai ka ninka ka yi daidai da su. Wanda ya san bai kai yawancin 'yan teburin ba, gara ya tsaya a tari ɗaya, domin tari mai zurfi yana ƙara wa gwani riba ne, yana kuma ƙara wa mai rauni asara.

Bayan an kwashe ka

Nan ne zuciya ke shiga, kuma nan ne ake ba ka daƙiƙu kaɗan ka yanke shawara. Abu na farko da za ka duba shi ne girman zubin dole. Kwabbai 1,500 a lokacin da ƙaramin zubi ke 10 babba kuma 20, babban zubi 75 ne (wato 20 sau 75), wanda ke ba ka sararin buga wasa yadda kake so. Waɗannan 1,500 ɗin a lokacin da zubi ya kai 75 da 150 babban zubi 10 ne kacal, kuma mai babban zubi 10 ba shi da zaɓi sai tura duka ko ajiye kati. Farashi bai canza ba, abin da kuɗin ke saya ne ya ragu. Ƙasa da babban zubi 15, sake saye shi kaɗai ba ya burge ni, sai in ƙarin hutu na gab da zuwa.

Wannan togaciyar tana da nauyi. In saura minti biyar a tafi hutu aka kwashe ka, sake saye ne tikitinka na samun ƙarin hutu mai araha. Haɗa su biyun: dala 20 a kan kwabbai 4,500, wato dala 4.44 a kowane dubu, ƙasa da darajar 5.37 da muka samu. A nan tashi asara ne. Ka sayi ɗaya, ka lallaɓa zuwa hutu, ka karɓi ƙarin, ka dawo da babban zubi 22 in an koma a 100 da 200. Tari ne da ake iya aiki da shi.

Abu na biyu shi ne yadda aka yi ka rasa kwabban. Es biyu na doke Sarki biyu kusan sau 82 cikin 100, wato sau 18 za ka sha kaye duk da ka yi daidai. Ƙananan tagwaye (kati biyu masu lamba ɗaya) a gaban manyan kati biyu kusan 55 da 45 ne. In irin wannan ce ta same ka, babu abin da ya canza game da gasar, kuma kwabbanka suna nan a teburin a hannun wanda mai yiwuwa zai sake sakin su. Amma in sau biyu a jere an ja ka cikin tarko ka biya da hannun da bai kai na abokin karawa ba, teburin ya fi ƙarfinka a wannan ranar, kuma tari na uku zai bi sawun na farko ne. Ka kuma lura ko za a rushe teburin nan kusa, domin in aka watsa 'yan wasan, wanda ya ci kwabbanka ya tafi da su wani wuri.

Kuɗin da ka riga ka zuba ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Ya zama na asusun kyauta, ko ka zauna ko ka tafi. Tunanin "na riga na kashe 50, ba zan tashi haka ba" shi ne ke mayar da 50 ta zama 100. Kowane saye a auna shi kamar shi ne na farko: da yanzu na iso, zan biya dala 10 in zauna a wannan kujera, da wannan tari, a wannan zubi? In kuma ka ji ƙirjinka na tafasa kana son rama wa wani mutum guda, amsar a'a ce, komai kyawun lissafin.

Ƙarin hutu

A mafi yawan lokuta, karɓa. In yana ba da kwabbai fiye da tarin farko a farashi ɗaya, shi ne saye mafi araha a duk gasar, kuma wanda ya shiga ba tare da kuɗinsa a aljihu ba ya shiga da ƙafar hagu.

Inda ake tsayawa a yi tunani shi ne in tarinka ya riga ya yi girma. A gasa, kwabo na ƙarshe a tarinka bai kai na farko daraja ba. Dalili kuwa, wanda ya lashe gasar shi ke tattara dukkan kwabbai, amma abin da ake ba shi a gasar mutum 100 bai cika wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na kyautar ba, saura a raba wa na bayansa. Saboda haka ninka kwabbai ba ya ninka abin da kake sa ran ci. A misalinmu, in mutum 85 suka rage, matsakaicin tari kusan 7,200 ne. Mai 4,000 da ya ƙara 3,000 ya ɗaga tarinsa da kashi 75 cikin 100, babu abin tattaunawa. Mai 30,000 kashi 10 kawai ya ƙara. Duk da haka ni zan ce ya saya, domin dala 3.33 yake biya a kan abin da matsakaicin darajarsa 5.37, kuma da wuya darajar ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku alhali ana nesa da matakin rabon kuɗi.

Hukuncin na juyawa ne idan ƙarin hutun bai wuce tarin farko ba, a ce 1,500 a kan dala 10. A nan babu rangwame, farashin daidai yake da matsakaicin daraja. Mai ƙaramin tari ko matsakaici ya karɓa in yana ganin ya fi yawancin waɗanda suka rage. Wanda tarinsa ya ninka matsakaici sau uku ya riƙe kuɗinsa.

Gasar da aka lamunce kyautarta

Wani lokaci masu shirya gasa kan lamunce adadin kyauta ko da kuɗin da aka tara bai kai ba. In a misalinmu an lamunce dala 5,000 amma 3,300 aka tara, gida ne zai cika sauran. Kwabbai dubu sun koma dala 8.13, sake sayen 1,500 ya kai dala 12 a kan 10. Yanzu kowane irin saye na da riba. Sai dai giɓin kan toshe a mintunan ƙarshe yayin da masu shigowa a makare da masu ƙarin hutu suka zuba kuɗi, don haka ƙiyasta da inda adadin zai tsaya, ba inda yake a yanzu ba.

Iyakar da za ka sa tun daga gida

A misalin nan matsakaicin abin da kowa ya kashe dala 34 ne. Wato gasar da aka rubuta wa dala 11 ta dala 34 ce a zahiri, kuma da wannan adadin ake auna ko aljihu zai ɗauka. Masu bin ƙa'idar ajiye kuɗin shiga sau 100 a matsayin jarin wasa su sani 3,400 suke buƙata a nan, ba 1,100 ba. Tsari mai sauƙi shi ne shiga ɗaya, sake saye biyu, ƙarin hutu ɗaya: dala 41, kuma kuɗin ƙarin hutun a ware shi gefe kada a taɓa shi. Gasa kan biya kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu shiga ne kawai, don haka ko gwani ya fi tashi hannu rabbana fiye da tashi da kuɗi. Caca ce da kuɗi na gaske, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kanta. Kuɗin bashi, ko na haya, ko na iyali, ba su da wuri a wannan teburin, kuma wanda ya ga yana karya iyakar da ya sa wa kansa a kai a kai ya kamata ya dakata da wasan baki ɗaya ya nemi wanda zai taimaka masa.

Akwai salon da wasu masu hannu da shuni ke bi, na tura duka kusan kowane hannu domin tara kwabbai a teburinsu su kwashe daga baya. Daniel Negreanu, ɗan ƙasar Kanada, ya ƙara saye har sau 48 a wata gasar dala 1,000 ta World Series of Poker a 2006. Daga 2009 masu shirya gasar suka cire irin wannan tsari daga jadawalinsu, bayan ƙorafin cewa mai zurfin aljihu na iya sayen nasara. Kada ka kwaikwayi salon. In ka samu irin wannan ɗan wasa a teburinka, ka jira hannun da ya fi nasa, kamar manyan tagwaye ko Es da Sarki, ka amsa masa.

Game da sake shiga, lissafin ya fi tsauri, tunda kamasho na dawowa kowane karo, kuma teburin da ka sani da kwabban da ka bari duk sun tafi. Ɗauke ta a matsayin sabuwar gasa da ka makara zuwa: ƙirga babban zubi nawa tarin zai ba ka, in bai kai 20 ba kuma babu giɓin lamuni, jira gasa ta gaba.

A zauren wasa, faɗa wa mai rabon kati kana sake saye kafin ya fara raba hannu na gaba, in ba haka ba ana iya ɗauka ka fita. A intanet taga kan buɗe na ɗan gajeren lokaci, kuma dole kuɗin ya kasance a asusunka tun kafin nan. Akwai maɓallin sake saye kai tsaye ba tare da an tambaye ka ba. Kashe shi, domin yana ƙwace maka daƙiƙun da za ka dubi zubi da teburi. Na ƙarin hutu kuwa kana iya kunna shi tun farko in ka riga ka ga farashinsa na da rangwame, saboda hutun 'yan mintuna ne, kuma wanda ya tashi daga gaban allo yakan dawo ya tarar an rufe.