Yadda na sa ɗalibaina buɗe baki da Ingilishi

Ajina na siziyam (ajin farko na kwaleji) a Tawa, in ka yi tambaya da Ingilishi sai tsit, ko a amsa maka da Faransanci. Tsoron dariyar ƴan'uwa ne ke ɗaure musu harshe.

Sai na mai da ajin kasuwa. Na kasa su biyu-biyu, wannan mai albasar Galmi, wancan mai saye, farashi kuwa yana ƴar takarda a hannun mai sayarwa kaɗai. Dole mai saye ya tambaya, ya yi tayi. Bayan minti uku in tafa, a canza abokin ciniki. Ba na gyara kowa ana tsakar ciniki. Sai kasuwa ta watse nake fidda kurakuran a allo, ba ambaton suna. Hayaniya kam akwai ta, shi ya sa muke komawa gindin bishiya.