Yadda na hana taurari rawa a madubin hangen nesa

Daren farko da na ɗaga madubina mai ido biyu, mai lamba 10x50 (wato yana ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 50), taurari sai tsalle suke kamar ƙwari a bakin fitila. Na zaci madubin ne ya lalace. Ashe hannuna ne: yadda madubin ke ƙara girman abu sau 10, haka yake ƙara rawar hannu.

Sai na zauna a kujera mai majingina, na manna gwiwar hannu a ƙirji, na riƙe madubin can wajen bakinsa na gaba. Rawa ta lafa, amma dishi-dishi na nan. Na rufe gilashin dama, na saita na hagu da zoben tsakiya, sannan na murza ɗan zoben idon dama shi kaɗai. Nan take taurarin Kaza da 'Ya'yanta suka fito tar, gommai, ba bakwai ɗin da aka saba ƙirgawa ba.