Yadda ake tara gumagumai don ƙananan halittu a lambun cikin gari

Kusan duk masu aikin sa kai da na gani sun fito wannan aiki a karon farko, kuskurensu ɗaya ne: sai su jera itacen tsaf-tsaf kamar na hura wuta, a ɗage daga ƙasa, inda rana ke duka. Wannan jerin na busar da itace ne. Mu kuwa ruɓewa muke nema, domin ruɓaɓɓen itace shi ne abinci da makwancin ƙwari, tana, dodon koɗi, kwaɗi, ƙadangaru, har da bushiya.

Ku fara da neman izinin masu kula da lambun, ku kuma tambaye su rassan da suke sarewa lokacin gyaran bishiyoyi. Yawanci neman inda za su zubar suke yi, don haka babu dalilin sayen itace. Kada ku je daji ku kwaso wanda ya riga ya faɗi, wannan gidan wasu ne tuni. Katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara, ko kusa kada ya zo, guba ce ga waɗanda kuke gina wa gida. Ku bar ɓawon a jikin itacen, ƙarƙashinsa ƙwari ke fara shiga. Ni ba na karɓar gungumen da bai kai kaurin cinya ba don jerin ƙasa, siraran sukan bushe kafin su ruɓe.

Sai wuri. Ku nemi inuwa mai ɗan shigar rana, gefen shinge ko bayan ciyayi, nesa da gini saboda gara, nesa kuma da hanyar da yara ke gudu. Ba kwari inda ruwa ke kwanciya ba.

Jerin ƙasa shi ne aikin gaba ɗaya, kuma a nan na taɓa yin asara. Tarin farko da muka yi, a kan busasshiyar ƙasa mai tauri muka aza shi ba tare da haƙa ba. Bayan shekara guda na ɗaga gungume ɗaya, ban tarar da komai ba sai gizo-gizo, itacen kuwa kamar jiya aka sare shi. Danshi daga ƙasa yake hawa, da shi naman kaza ke kama itacen ya tausasa shi, sannan tsutsotsi su iya ci. Saboda haka ku haƙa rami mara zurfi, ku kwantar da manyan gumaguman yadda kusan rabin kowanne zai nutse, ku mayar da ƙasar ku danna ta da ƙafa. Idan da ƙarfin haƙa, ku kafa biyu ko uku a tsaye, zurfin santimita 50. A Turai haka ake yi wa wani babban ƙwaro mai ƙaho irin na barewa, wanda tsutsarsa ke yin shekara 3 ko fiye a ƙarƙashin ƙasa tana cin ruɓaɓɓen itace. Tsakanin gumagumai biyu ku bar kafa ɗaya mai faɗin santimita 13, ta ishi bushiya shiga. Ku cusa busasshen ganye a ciki. Idan ƙasar ta bushe sosai ranar aikin, ku zuba ruwa bokiti biyu kafin ku ɗora komai.

Sauran mai sauƙi ne. Ku gicciya matsakaitan a sama, ƙanana a kansu, kirare da ganye a ƙarshe. Tsayin ya tsaya a gwiwa ko ƙugu. Ku kafa turaku a gefe don kada ya gangaro kan yaro.

Ku manna ɗan allo mai bayanin abin da aka yi, in ba haka ba masu shara za su kwashe shi, ko wani ya ɗauka itacen banza ne. Bayan haka ku ƙyale shi. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, kada kuma a sa hannu ba safa, maciji da kunama ma suna son irin wannan wuri. Idan tarin ya lotsa bayan shekara ɗaya ko biyu, ku ƙara sabon itace a kai, na ƙasan ku bar shi yadda yake.