Takardar bashin gwamnati da ke bin tsadar kaya, da yadda ake lissafin abin da za a biya ka

Ƙanen mahaifina ne ya sa ni zaman wanga rubutu. Ranar da kuɗɗin sallamarshi na aje aiki sunka fito ya kira ni gidanshi nan Mabera cikin Sakkwato, muna zaune bisa tabarma ya ce "ɗana, kai da ka karanci harkar kuɗɗi, gaya min inda zan aje abin nan kar ya narke min a hannu". Kuma ya san abin da yake faɗi, kuɗɗin da ke sayen buhun gero shekarun baya kaɗan yau in ka shiga Tsohuwar Kasuwa da su ko rabin buhu ba ka ɗaukowa, hukumar ƙididdiga ta NBS da kanta ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Na ce mai Baba akwai wata irin takardar bashi da wasu gwamnatoci ke yi don wanga ciwo, bari in zana maka yadda take.

Takardar bashi dai ka ranta ma gwamnati kuɗɗi ne, tana ba ka wani kaso lokaci lokaci, in wa'adi ya cika ta maido maka uwar kuɗɗinka. Matsalar takardar bashi ta yau da kullum ita ce abin da ka bayar shi za a maido maka a lamba, ko da a lokacin bai sayen abin da yake saye da. Ingila ta fara fidda mai bin tsadar kaya a 1981, Amurka ta biyo a 1997 da tata da ake kira TIPS, mai wa'adin shekara 5, 10 ko 30, kuma daga dala 100 ana iya saye. Da ta Amurka zan yi misali.

Abin da mutane ke yawan kuskurewa shi ne sun ɗauka kason da ake biya ne ke hawa in kaya sun yi tsada. A'a. Kason nan tun ranar da gwamnati ta yi gwanjon saida takardar anka tsaida shi kuma ba ya motsi har ƙarshe. Uwar kuɗɗin ce ke hawa da sauka, tana bin ma'aunin farashin kaya da ake kira CPI wanda ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ke fiddawa duk wata. In ka riƙe wannan sauran duk ninkawa da rabawa ne.

Tau ɗauko biro. Lambobin nan na misali ne, ni na zaɓe su don su yi sauƙin bi. Mu ce ka sayi ta dala 1,000, kason shekara 2 cikin ɗari, ranar da anka fidda ta ma'aunin yana 300. Ana biya sau biyu a shekara, duk wata shida. Bayan wata shida ma'auni ya koma 306. Ka raba na yau da na ranar farko, 306 a raba da 300, ya ba ka 1.02. Ka ninka uwar kuɗɗi da shi, 1,000 sau 1.02, ta zama 1,020. Yanzu ka ɗauki rabin kason shekara tunda wata shida ne, watau 1 cikin ɗari, ka lissafa shi bisa 1,020 ba bisa 1,000 ba, abin da zai shigo maka dala 10.20 ke nan. Wata shida na gaba ma'auni ya kai 312, ka sake rabawa da 300 ɗin nan na farko (ba da 306 ba, nan Baba ya yi tuntuɓe har sau biyu), ka samu 1.04, uwar kuɗɗi 1,040, biya dala 10.40. Ita 40 ɗin da ta ƙaru bisa uwar ba a miƙa maka ita yanzu, tana nan tana taruwa sai ranar cikar wa'adi.

Baba ya ce to in kaya sunka yi sauƙi fa? Sai ta sauka. Ma'auni ya faɗo 297, a raba da 300 ya ba da 0.99, uwar kuɗɗi ta koma 990, biyan wata shida dala 9.90. Amma ranar cikar wa'adi Amurka na duba biyu, uwar da anka gyara da ta asali, wadda ta fi yawa ita za ta ba ka, don haka ba ka karɓar ƙasa da 1,000. Ta Ingila ba ta da wannan kariyar. Kuma a lura, kariyar bisa 1,000 ta asali take, in ka sayi takardar a hannun wani bayan ta riga ta kumbura zuwa 1,200, ɗari biyun nan na sama ba wanda ya lamunce maka su.

Akwai wani ɗan jinkiri da ke rikita mai lissafi. Ma'aunin da ake amfani da shi na wata uku baya ne, saboda ƙididdiga ba ta fitowa a ranar. Na 1 ga Afrilu shi ne na Janairu, na 1 ga Mayu shi ne na Fabrairu, kwanakin tsakani kuma sai a raba tazarar bisa kwanakin watan. In na Janairu 300 ne na Fabrairu 301.2, ranar 16 ga Afrilu an cinye kwana 15 cikin 30, rabi ke nan, sai ka ƙara rabin 1.2 ka samu 300.6.

Yadda za ka gane ko mai bin tsada ta fi ta yau da kullum kuwa, ka cire kason wagga daga na waccan. In ta yau da kullum mai shekara 10 na ba da 4.5 wagga na ba da 2, tazara 2.5 ce, in tsadar kaya ta wuce 2.5 a shekara cikin wa'adin kai ka ci, in ba ta kai ba mai ta yau da kullum ya fi ka. Sannan duk maganar kariya ga wanda ya yi haƙuri har ƙarshe take, mai saidawa tsakiyar hanya farashin kasuwa zai karɓa, a 2022 da babban bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗɗin ruwa farashin takardun nan ya faɗi alhali tsada na kan ganiyarta.

Abu biyu na faɗa ma Baba ban ɓoye mai ba. Na farko ita TIPS tsadar Amurka take bi, ba ruwanta da farashin shinkafa a Sakkwato. Takardun ajiya da ofishin kula da bashi na DMO ke saidawa tun 2017, masu farawa daga naira 5,000 da wa'adin shekara 2 ko 3 ana biya duk wata uku, kasonsu tsayayye ne kuma uwar kuɗɗin ba ta bin tsada, in an ce maka 17 cikin ɗari kaya kuma sunka hau da 25, kuɗɗinka sun ƙaru a lamba amma abin da suke saye ya ragu. Na biyu kuwa, kason nan kuɗɗin ruwa ne bisa rance, kuma ni ba zan ce ma dattijo ya sa guminshi na shekara talatin da biyar inda zuciyarshi ba ta natsu ba. Akwai Sukuk, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wanda ake biyan haya, shi ma dai kasonshi tsayayye ne.

Ya karɓi takardar da na yi lissafin ya ninke ta huɗu ya sa aljihun gaba, ya ce bayan sallar la'asar zai kai ma liman su duba tare, in sun gama zai kira ni mu lissafa na Sukuk ɗin.