Yadda za ka fassara kalmar scout zuwa Hausa ba tare da ka mai da soja ɗan leƙen asiri ba

Kafin ka taɓa ƙamus, duba wanda ake cewa yana scout ɗin, da abin da ya biyo bayan kalmar. Waɗannan biyun ne ke yanke ma'ana. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, escouter, wato saurare, shi ya sa har yau akwai kasa kunne da sanɗa a cikinta: mutum ya yi gaba, ya dubo, ya dawo da labari. In babu dawowa da labari, nemi wata kalma.

Fara da ƙananan kalmomin da ke manne mata. Scout for neman abu ne da ba ka riga ka samu ba, kamar ɗan kasuwa mai neman shagon haya: "yana cigiyar shago". Scout around zagayawa ne ana dube-dube, ba lallai da takamaiman wuri ba. Scout out kuwa wurin sananne ne, ana so a san yanayinsa kafin a shiga: "sun je sun dubo wurin". In sunan wuri ya biyo kai tsaye, kamar scout the road, ma'anarta ɗaya da ta ƙarshen nan. Masu koyo kan sa for a nan, sai jimlar ta koma neman hanyar da ta ɓata, alhali duba lafiyar hanya ake nufi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne labarin yaƙi. Da yawa suna ganin scout sai su rubuta ɗan leƙen asiri. Wannan fassarar spy ce. Spy yana ɓad da kama, yana shiga cikin jama'a da sunan ƙarya. Scout soja ne cikin kakinsa, an tura shi gaban runduna ya gano inda abokan gaba suka yi sansani, yawansu, gadar da ta karye, rafin da za a iya ƙetarewa. Bambancin ba na ado ba ne. Sashe na 29 na ƙa'idojin yaƙi a kan tudu da ƙasashe suka amince da su a birnin Hague na Holland a 1907 ya ce sojan da ya kutsa yankin abokan gaba neman bayani ba tare da ɓad da kama ba, ba a ɗaukar sa ɗan leƙen asiri. In an kama shi fursunan yaƙi ne, shi kuwa ɗan leƙen asiri shari'a ce ke jiran sa. Don haka rubuta "sojojin da aka tura gaba su dubo hanya". Ya fi tsawo, amma shi ne daidai. Kada kuma ka ce sintiri, domin mai sintiri tsaron wurin da ke hannunsa yake yi.

A labarin ƙwallon ƙafa, scout shi ne mutumin da ke zama gefen fili da ɗan littafinsa, yana rubuta gudun yaro, da ƙafar da ya fi bugu da ita, da yadda yake yi in an ƙwace masa ƙwallo. Kira shi mai farautar 'yan wasa. Ba wakilin ɗan wasa ba ne: ƙungiya yake wa aiki, kuma ba shi ke ƙulla ciniki ba.

In ka ga babban harafin S, 'yan sikawut ake nufi, ƙungiyar da Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, ya fara da sansanin gwaji a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907. Bar ta a sikawut, kowa ya san ta haka.

A tsofaffin littattafan Turanci za ka iya cin karo da scouted the idea. Wannan wata kalma ce dabam mai rubutu iri ɗaya, ma'anarta an yi watsi da shawarar cikin raini. Alamarta ita ce abin da ya biyo baya ra'ayi ne ko shawara, ba wuri ba.