Idan mai ɗaukewar numfashi cikin barci ya kamu da mura

Mai wannan lalura minsharinsa kan tsaya cak, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya ja iska da ƙarfi kamar an shaƙe shi. Ni kaina da na'urar CPAP nake kwana, wato injin da ke hura iska ta abin rufe fuska don kada maƙogwaro ya rufe, kuma duk sanda mura ta toshe mini hanci, daren ya fi kowane dare wuya. Maƙogwaron da dama yake rufewa ga shi ya kumbura, ga majina, sai iskar oksijin ta ragu a jini. Shi ya sa mura mai zafi ko korona ta fi kwantar da irinmu.

Kada ka ajiye na'urar don kana mura, a lokacin ne ka fi bukatarta. Ka ɗiga ruwan gishiri na hanci kafin ka kwanta, ka kwanta ta gefe, ka ɗaga kai da matashi. Ka wanke abin rufe fuskar kullum da sabulu. Idan da hali ka kwana kai kaɗai, domin iskar da ke fita daga na'urar tana iya baza ƙwayar cutar a ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Ƙwayar barci da maganin tari mai kodin suna ƙara sakin naman maƙogwaro, su kuma hana mutum farkawa idan numfashi ya ɗauke. Ka guje su sai da izinin likita, kuma yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi kodin sam.

Yara kuwa, galibi kumburin tonsil, wato ƙululun nama biyu da ke cikin maƙogwaro, ke jawo musu matsalar, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 8. Uwa ta ɗaga rigar yaro yana barci ta duba: idan tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, a tafi asibiti a daren. Tsoho kuma ba lallai ya yi zazzaɓi ba. Sai dai a ga ya rikice, ko yana ta barci da rana ba ya amsa kira da kyau.

Ka mallaki ƙaramar na'urar awon oksijin ta yatsa. Idan kana farke ta nuna ƙasa da kashi 92 cikin ɗari, nemi likita, ka kuma gaya masa tun farko cewa numfashinka na ɗaukewa cikin barci. Allurar rigakafin mura ta shekara-shekara kuma kada ta wuce ka.