Yadda za ka kira laburaren C daga Python, fara gwaji da zlib

Wani ƙanena da ke karatu a Marwa ya turo min saƙo jiya da dare, wai shagon da yake taya wa aiki sun sayi na'urar karanta yatsa, abun da ya zo da ita fayil ɗin .dll ne (laburaren C na Windows) da wani .h (fayil ɗin da ke lissafa ayyukan laburaren), shi kuma Python kaɗai ya iya, ko sai ya koma ya koyi C daga farko? Na ce masa a'a ƙanena, kwantar da hankalinka, akwai ctypes, kayan aikin Python na kiran laburaren C. Tun Python 2.5 a 2006 yana ciki, ba sai ka sauke komai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu nan Garwa da rezo, wato netwok, ke zuwa yana tafiya.

Amma kar ka fara da na'urar. Fara da zlib, laburaren matse bayanai da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995, don Python na da nasa zlib ɗin, kenan kana da inda za ka duba ko amsarka daidai ce. A Linux haka ake buɗe shi:

import ctypes
z = ctypes.CDLL("libz.so.1")
print(z.crc32(0, b"123456789", 9))

A Windows sunan fayil ɗin zlib1.dll ne. Shi crc32 aiki ne na zlib da ke lissafa lambar tantance bayanai. To duba abun da ya fito: -873187034. Amsar gaskiya kuwa 3421780262 ce. Ba laifin zlib ba ne, ctypes ne bai san irin lambar da za ta dawo ba, shi bai karanta .h, in ba ka gaya masa ba sai ya ɗauka int ne mai 32-bit, lambar ta fi ƙarfin gurbin sai ta juya ta koma ƙasa da sifili, kuma ba zai yi maka ko tari ba, shiru kawai.

Nan ne aikin yake walahi. Buɗe zlib.h, nemo layin crc32, ka kwafe shi a tsanake kamar mai kwafar allo:

z.crc32.argtypes = [ctypes.c_ulong, ctypes.c_char_p, ctypes.c_uint]
z.crc32.restype = ctypes.c_ulong

argtypes irin abubuwan da kake miƙa masa ne, restype kuma irin abun da zai dawo maka da shi. Sake kira, za ka ga 3421780262. Ka lura da b ɗin gaban rubutun, C bytes yake so. Sannan kar ka ce ai c_ulong da c_uint duk ɗaya ne, a Linux 64-bit long baiti 8 ne, a Windows 4, don haka abun da .h ya rubuta shi za ka bi.

Lamba ma da sauƙi. In abun da ke dawowa adireshin memori ne, kamar zlibVersion, kuma ka manta restype = c_char_p, za a yanke rabin adireshin, ranar da ka mayar wa laburaren da wannan guntun a Linux sai Python gaba ɗaya ya faɗi da "Segmentation fault", babu try da zai tare shi. Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan ina zargin kwamfuta, ashe layi ɗaya na bari.

In laburaren na son wurin da zai zuba amsa, kamar hoton yatsan nan, kai ne za ka tanadar masa da ctypes.create_string_buffer, girman da takardarsu ta faɗa, lambar da zai canza kuma ka miƙa ta da ctypes.byref. In kuma shi ya ba ka memori, nemi aikin sakewa nasa a cikin .h ka kira.

Da ka koma kan na'urar, in ka ga WinError 193 yawanci dll ɗin 32-bit ne Python ɗinka 64-bit, dole su zo ɗaya. In ya ce bai ga fayil ba alhali ga shi kana kallo, to wani dll ɗin da ya dogara da shi ne ya ɓace masa, tun Python 3.8 sai ka nuna masa folda da os.add_dll_directory kafin ka buɗe. Ƙanena, turo min .h ɗin ta WhatsApp in rezo ya dawo, mu bi layukan tare.